"Kayan aro ba ya rufe katara": a ina ta dace, a ina ake cin zalinta?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina neman manya su warware mini wani abu. Karin maganar nan ta "kayan aro ba ya rufe katara" ta zama sandar dukan kowa. A yi zancen fim ɗin Hausa, sai a jefo ta. Wani ya ambaci Aflatun ko Karl Marx ana gardamar siyasa, sai a jefo ta, shi ke nan an rufe masa baki. To wai me ake kira aro? In duk abin da ya zo daga waje aro ne, ina za mu kai shayi da agogo, da harafin bokon da muke rubutu da shi yanzu?

Inna Ta Gwale: Wa alaikumus salam ɗana. Bari in faɗa maka yadda muka taso muka ji ana amfani da ita, tun ba a fara kai ta wajen fim ba. Yarinya ce za ta biki ba ta da na fita, sai ta ari zanen ƙawarta. Zanen ba don ita aka yanka ba. Tana tsaye lafiya lau, da ta zo zama kan tabarma sai ka ga tana jan gefe tana matse ƙafa, ga tuwo da miya an kawo ba ta iya sakin jiki ta ci, tana tsoron kada mai ya ɗiga. Gobe da sassafe kuma mai abu ta aiko a karɓa. Abu biyu ne a ciki: bai yi daidai da jikinka ba, kuma ba ka da iko da shi. Mu dai ba mu taɓa faɗa wa wanda ya sayi yadi daga Kwatano ya kai wa tela ya auna shi ba. Wannan nasa ne, ko a ina aka saƙa.

Malam Na Zaure: Allah ya saka da alheri Inna. Da wannan ma'auni naki ni nake faɗa wa 'yan fim, kuma ba zan fasa ba. Tun kafin a fara fim ɗin bidiyo, 'yan Kwara, wato Labanawa, masu gidajen silima a Kano suke kawo finafinan Indiya, mutane suka taso da su a Plaza da Marhaba da Eldorado. Da aka fara namu a 1990 da Turmin Danya, labarin gida ne. Shekara goma ba ta cika ba waƙa da rawa suka cinye kasuwar. Ku duba da idon basira: saurayi da budurwa cikin lambun furanni suna zagaya bishiya, a waƙa ɗaya an sauya kaya sau huɗu. A wace unguwa Bahaushe yake neman aure haka? Mu abin da muka sani, saurayi ya zo bayan magariba, ya aika yaro ya yi sallama da ita, a shimfiɗa tabarma a zaure, ƙanwarta tana leƙowa, abokinsa yana gefe yana taya shi zance. Akwai kunya a nan, akwai kishi, akwai dariya, abin da zai cika fim goma. Aka bar shi aka ɗauko na wasu. Har Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, rabin rigimarta da 'yan fim a kan wannan rawar ce.

Mai Ɗaukar Hoto: Malam, da girmanka, ni cikin sana'ar nake, kuma akwai abin da ake mantawa. A zamanin kaset da faifai, 'yan kasuwa ne ke sayen fim, kuma abin da suke fara tambaya shi ne waƙa nawa ce a ciki. Masu saye kuwa matan aure ne a cikin gidaje. Abin da ya ja su ga fim ɗin Indiya ba bishiya ba ce. Auren dole ne, da uwar miji, da ɗan talaka mai son 'yar mai kuɗi, da mace mai lulluɓi da jin nauyin iyaye. Sun ga rayuwarsu a ciki fiye da yadda suka gani a fim ɗin Amurka. Abin da mutum ya gane kansa a ciki, ya za a ce bai rufe masa katara ba?

Malam Na Zaure: Ɗan'uwa, jigon auren dole ai namu ne tun fil azal, ba mu are shi ba. Rawar nake magana.

Ɗalibar Samaru: Ina son in kawo Magana Jari Ce, don duk mai jefa wannan karin magana yakan ɗauki littafin a matsayin Hausa tsantsa. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, ya fara fitowa a 1937, kuma masana sun daɗe da nuna cewa da yawa daga labaransa an samo su ne daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da na Indiya da Farisa. Shi kansa akun da ke ba da labari don ya hana ɗan sarki fita, tsohon salo ne daga can gabas. Amma wa ya taɓa karantawa ya ji baƙunta? Fada ce irin tamu, da waziri da dogarai da kirari. In mun yarda da ma'anar Inna, Imam bai yi aro ba, saye ya yi ya kai wa tela. Kenan laifin wasu finafinan ba ɗaukowa ba ne, rashin aunawa ne.

Malam Na Zaure: 'Yata, ai kin faɗi abin da nake nufi fiye da yadda na faɗa. Ban ce a toshe ƙofa ba.

Ɗalibar Samaru: To Malam, in haka ne ina za ka sa masu bandiri na Kano da suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a kai? Kari na Indiya, baiti na Hausa, manufa ta addini. Wasu malamai sun ƙi, wasu sun saurara har da hawaye.

Malam Na Zaure: Wannan kam ina cikin waɗanda ba su sake da shi ba, domin mai saurare yakan tuno fim ɗin da ya san karin a ciki. Amma na yarda ya fi rawar lambu kusa da gida.

Baba Ɗan Sawaba: Ku bar fim haka nan ku zo siyasa, nan ne maganar ta fi ciwo. Mu da muka yi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano an sha jifan mu da ita. Aka ce ra'ayin gurguzu muka aro, wai zancen talaka da mai mulki ba na ƙasar nan ba ne. Gaskiya ne takardar Sawaba ta jam'iyyar NEPU a 1950 ta yi maganar gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, kuma gaskiya ne Malam Aminu Kano ya yi karatu a Landan ya ga 'yan gurguzun Ingila. Amma mutumin da ke zama ya yi tafsiri da azumi, ya kawo wa talaka hujja daga Alƙur'ani, shi za a ce ya yi aro? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano, Bafulatanin da ya daina ɓoye shanunsa a daji bai tambayi daga wane littafi aka samo ba.

In kuna neman zanen aro na gaske, ga shi nan: tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka da muka ɗauko a 1979, bayan mun ajiye na firayim minista irin na Ingila. Yau sanata 109, ɗan majalisar wakilai 360, kowa da motoci da hadimai, a ƙasar da malamin firamare ke jiran albashi. Amurka ta yanka shi daidai aljihunta. Mu kullum muna jan gefe.

Ba-Damagare: Baba, gaisuwa daga Damagaram. Mu nan namu daga Faransa aka kwaso, shugaban ƙasa ga firayim minista. A 1995 shugaba Mahamane Ousmane da firayim minista Hama Amadou suka fito daga ɓangarori masu gaba, aiki ya tsaya cik, a Janairun 1996 soja suka karɓe. Saboda haka na fahimce ka. Sai dai ina tsoron abu guda: duk sojan da zai yi juyin mulki, da irin wannan karin magana yake fara wa mutane bayani, ya ce dimokuraɗiyya kayan aro ce. To in an tuɓe ta, wanne za a ɗaura? Wanda ya faɗi karin maganar ya kamata a tambaye shi nasa zanen.

Baba Ɗan Sawaba: Wannan tambaya taka tana da nauyi, ɗana. Ni ban ce a tuɓe ba. Na ce a rage shi ya dawo daidai mu, majalisa ɗaya ma ta isa.

Ɗan Fagge: Na ƙaru ƙwarai. Saura ɓangaren falsafa, don nan aka fi yi mini duka. Ina ambatar Aristotal sai a ce na bar gida.

Alaramma Na Madabo: Wanda ya ce maka haka bai san zauren malamai ba. Ilimin manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja da hankali, da ake karantawa a zaurukanmu asalinsa daga Aristotal ne, ya biyo ta hannun malaman Musulunci da suka fassara shi suka gyara. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har suka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi wanda yake ganin haramun ne. Hujjar Magili ita ce a duba gaskiyar magana, ba wanda ya fara faɗar ta ba. Wannan gardama ta fi shekara 500. Amma zan ja kunnenka, Ɗan Fagge. Akwai samarin da ke jero sunayen Turawa a muhawara, in ka ce su bayyana da Hausa abin da mutumin ya ce, sai su koma Turanci. Ni a wurina wannan ne gwajin. Duk wanda ya kawo mini Marx, zan ce ya yi mini bayaninsa da manomin gyaɗa da ɗan kamasho a kasuwar Dawanau. In ya iya, ya mallaki abinsa. In ya kasa, karin maganar ta hau kansa daidai.

Mai Ɗaukar Hoto: Allah ya gafarta Malam, da wannan gwajin naka sai in tambaya: finafinan Indiya da ake fassarawa yanzu, jarumi ɗan Mumbai yana buɗe baki Hausar Kano na fitowa, har da karin magana da baƙar magana irin ta 'yan tasha, su a wane layi suke? Hausar ta fi ta wasu finafinanmu nuna.

Inna Ta Gwale: Jikokina ba sa kallon komai sai su. Harshen namu ne, ban musa ba, har nakan tsaya in saurara. Amma ranar nan ƙaramar ta zo tana tambayata me ya sa mu ba ma zagaya wuta ranar ɗaurin aure. Ni wannan ban san sunan da zan ba shi ba, Malam Na Zaure sai ka taimaka.

Malam Na Zaure: Inna, wannan ya wuce aro. Mai aro ya san akwai mai abu, ya san ranar mayarwa. Yarinyar nan ba ta san ba nata ba ne. Ni da za a ji tawa, masu fassarar nan da suka iya Hausa haka a ba su labaran zaure su rubuta, a ɗauka a Gwale ko Fagge, mu ga ko yaran za su kalla.

Mai Ɗaukar Hoto: Za su kalla, Malam, in an sami mai zuba kuɗin. Fassara ba ta buƙatar kyamara ko jarumi ko haya gida, murya ce kawai da ɗaki ɗaya. Shi ya sa ta fi mu araha.