Amya a ƙarƙashin manyan layukan wuta: wa ya taɓa gwadawa?

Mai Amya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon zuma da manoma. Ina neman wanda ya taɓa ajiye amya kusa da manyan wayoyin lantarki, irin masu dogayen turakun ƙarfe, ya gaya mana abin da ya gani. Nawa akwatunan da ke daidai ƙarƙashin layin sun sauya hali. Ƙudan sun yi zafin rai, hayaƙi ma ba ya kwantar da su kamar da, kuma sun liƙe bakin ƙofa da danƙo sai 'yar kafa ta rage. Na gefen gonar kuwa lafiyarsu ƙalau, alhali furanni ɗaya duk suke bi. Abin ya dame ni ƙwarai.

Tsohon ma'aikacin layi: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, murfin akwatunan naka na kwano ne? Na yi aiki a kan irin waɗannan layuka shekara da shekaru. Ƙarfin wutar ba ya tsayawa cikin waya kawai, yana bazuwa a iskar da ke kewaye da ita, kuma duk ƙarfen da ba a haɗa shi da ƙasa ba caji yake tarawa. Idan muka ajiye mota a wurin, mutum na taɓa ƙofar sai ya ji ta ɗan tsikare shi. To, mu da faɗin jiki muna ji, ina ga ƙudan zuma?

Mai Amya: Kwano ne, Baba. Kuma abin ya fi tsanani in an yi ruwa ko raɓa ta sauka.

Tsohon ma'aikacin layi: Ka ji inda maganar take. Katako mai laima wutar lantarki na bi ta jikinsa. An gwada wannan a Amurka, aka buga sakamakon a 1981. Sun jera amya ƙarƙashin layi mai bolt 765,000, suka ga abin da ka gani: yawan liƙe ƙofa da danƙo, raguwar nauyin amya, wasu har da rasa sarauniya. Waɗanda aka lulluɓe da ragar ƙarfe aka haɗa ta da ƙasa ba su sha wannan wahalar ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wutar da ke bi ta jikin akwatin ce take jan ƙudan kaɗan-kaɗan duk sa'ad da suka taka.

Malamar kimiyya: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na kiwon zuma, amma akwai abin da nake nuna wa ɗalibaina. Sai in goga rula ta roba a jikin tsumma, in matsar da ita kusa da kyankyaso. Tun kafin ta taɓa shi za ka ga dogayen gasun nan biyu na kansa sun lanƙwashe, shi kuma ya juya da sauri. Masana a Jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna a 2008 cewa da waɗannan gasun kyankyaso yake gane cajin lantarki ya kauce masa.

Na ƙudan zuma ya fi ban mamaki. Idan yana tashi jikinsa na tara caji, fure kuma yana ɗauke da kishiyar wannan caji, shi ya sa ƙurar fure ke tsalle ta manne masa. A 2013 masana a Jami'ar Bristol suka gano cewa manyan ƙudan zuma masu gashi suna jin cajin fure, har suna bambanta wani da wani ta hanyarsa. Halittar da ke neman abincinta da irin wannan ji mai laushi, a kafa mata gida inda wuta ke juyawa sau 50 ko 60 cikin daƙiƙa ɗaya, ai dole a yi tunani. A 2018 an gwada ƙudan zuma a Southampton da irin maganaɗisun da ake samu dab da waya, aka ga koyonsu ya ragu, tashinsu da cin abincinsu sun sauya. A ƙasar Chile ma, wani bincike na 2023 ya samu cewa sun rage ziyartar furannin da ke kusa da turakun da ke ɗauke da wuta, furannin kuma suka rage yin iri.

Manomi: Malama, Allah ya ƙara sani, amma ku bari in kawo nawa. Layi ya ratsa gefen gonata, kuma saboda ana sare itatuwan da ke ƙarƙashinsa, wurin ya cika da ciyayi masu fure. Babu inda nake ganin malam-buɗe-littafi da ƙananan ƙudan daji kamar nan. Ranar da na ga ƙwari zube a ƙasa kuwa, feshin magani aka yi da rana tsaka furanni na buɗe. Kada mu ɗora wa waya laifin kowace asara.

Malamar kimiyya: Gaskiyarka, Malam. Mai wucewa ya sha ruwan fure ya tafi daban yake da wanda ke kwana yana tashi a wurin.

Mai zuma: Ni na ɗaga nawa. Na bari sai da dare bayan duk sun koma ciki, na toshe ƙofa da raga, muka kai su nesa da layin sosai. A hankali suka huce, har na iya buɗe akwati ina duba saƙa ba tare da sun rufe ni ba. Amya ɗaya ce ba ta farfaɗo ba, sarauniyarta ta riga ta daina ƙwai, sai na haɗe ta da wata. Akwai kuma waɗanda na daɗe da ajiyewa kusa da ƙananan wayoyin da ke kai wuta gidaje, ban taɓa ganin wani sauyi a gare su ba. Ɗan'uwa, kada ka jira lokacin ɗibar zuma.

Mai Amya: Na gode, Yaya. Cikin makon nan zan kwashe su in sha Allahu, in kuma sauya murafan.

Tsohon ma'aikacin layi: Madalla. Ƙarfin yana raguwa da sauri da zarar ka fita daga ƙarƙashin wayoyin, ka dai wuce iyakar filin da aka ware wa layin. Wajen kwashewa kada kowa ya ɗaga dogon ƙarfe ko tsani sama. Kuma don Allah kada a cinna wa ciyawar wurin wuta da sunan shara, domin hayaƙi mai kauri yana iya sa wutar ta yi tsalle daga waya zuwa ƙasa.