Korar Tuchel daga Chelsea: abin da na tsinta a musun jiya

Jiya mun kai sha biyun dare muna musu kan korar da Chelsea ta yi wa kocinta Tuchel a Satumbar 2022, ga dai abin da na tsinta.

Mafi yawa sun ce wallahi an yi garaje, mutumin da ya zo a Janairun 2021 kafin ƙarshen Mayu ya ɗauko Champions League a hannun Man City, ya ƙara da Super Cup da kofin duniya na kulob-kulob, sai kawai don Dinamo Zagreb ta ci shi ɗaya da nema a ce ya tattara kayansa? Shawararsu ita ce in ka saya wa koci 'yan wasa to ka bar shi ya gwada su, Aubameyang fa wasa ɗaya tal ya buga masa, ga Rudiger ya riga ya tafi Madrid.

Wasu kuma suka ce a'a, Leeds ta zuba wa Chelsea uku, kuma kocin da ba ya jituwa da mai kulob gara a rabu da wuri. Ni dai ban gamsu ba, tunda Potter, kocin da mai kulob Boehly ya kawo a madadinsa, ko kakar bai ƙarasa ba, a na 12 Chelsea ta ƙare a gasar Firimiya.