Ta ina zan kama wannan karatun Indiya, adabi ko tarihi ko shari'a?

'Yar Angwan Rogo:

Slm jama'a, dan Allah ina neman agajin waɗanda suka san harkar. Akwai kos ɗin da muke yi wannan zangon akan ƙasar Indiya, kuma takardun da na yi fotokwafi a wajen wata da ta riga mu yi duk a cakuɗe suke, wannan shafin Ramayana da Mahabharata, ka juya sai yaƙin Plassey 1757, can gaba dokar auren Hindu ta 1955, sai zaman gandu na iyalansu, sai kuma damina da dazuka da damisa. Ni dai haddar shekaru nake ta yi kamar mai ɗiban ruwa da kwando, ga sanyin Jos ya hana mutum tashi karatun asuba. Malamin kuma ya riga ya faɗa mana ba zai tambayi "a wace shekara" ba, cewa zai yi mu tattauna. To me ya haɗa waɗannan abubuwan, kuma wanne zan fara kamawa?

Ɗan Taminus:

Ƙanwata ki zauna ki kalli finafinan Indiya na da kin gama kos ai. Uba mai kuɗi, 'yarsa ta maƙale wa talaka, a je kotu, ruwan sama ya tsuge a tashi waƙa. Ga iyali ga shari'a ga yanayi, me ya rage? Hhhh

Lauyan Wuse:

Ɗan Taminus Allah ya shirye ka. Malama ɗaliba, ni shawarata ki fara da shari'a, ba don sana'ata ba ce, don ita ce ta fi kusa da ke ba ki sani ba. Final Kod ɗin, wato kundin dokar laifuka, da muke shiga kotu da shi a nan Abuja jikan dokar Indiya ne. Wani Bature, Macaulay, ne ya jagoranci tsara kundin laifuka na Indiya, aka zartar da shi 1860, Turawa suka ɗauke shi suka yi wa Sudan nata a 1899, mu kuma gwamnatin Sardauna ta ɗauko na Sudan ɗin aka yi wa Arewa a 1959 ya fara aiki 1960. Su Indiyawan ma sun sauya nasu da sabon kundi a Yulin 2024, mu muna nan da namu. Shi kansa Lugga a Madras aka haife shi a 1858, shekarar da gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin East India bayan boren 1857. Kin ga ba tarihin wasu can nesa kike karantawa ba.

Yanzu ga inda iyali ya shigo. A 1772 gwamna Warren Hastings ya shimfiɗa ƙa'ida a Bengal cewa maganar aure da gado da addini, Musulmi a yi masa hukunci da shari'arsa, Hindu da littattafansa. Laifuka da ciniki daga baya Turawa suka mayar da su doka ɗaya ga kowa, amma cikin gida suka bar wa kowa nasa, kusan abin da suka zo suka yi mana da kotunan alƙalai. In kin riƙe wannan, duk sauran shekarun da ke takardarki rigima ɗaya ce, wa ke da ikon taɓa dokar cikin gida, gwamnati ko malamai.

A ɓangaren Hindu an hana ƙona mace da gawar mijinta a 1829 zamanin gwamna Bentinck, wani ɗan gwagwarmayar gyara na Indiya, Ram Mohan Roy, ya sha fama akan wannan, sai 1856 aka halatta wa bazawarar da mijinta ya mutu ta sake aure. Bayan 'yanci dokar 1955 ta hana Hindu auren mace fiye da ɗaya ta kuma buɗe ƙofar saki ta kotu, ta 1956 ta gyara gado, amma 'ya mace ba ta zama daidai da ɗa namiji a dukiyar gandu ta kakanni ba sai gyaran 2005. Sannan kada ki rikita abin da suke bayarwa wajen aure da sadakinmu, su iyayen amarya ne ke biyan gidan ango, an haramta shi tun 1961 amma har gobe ana yi, har rayukan mata na salwanta a kai.

Wanda ya fi burge ni dai shi ne dokar 1939 ta raba auren Musulmi. Yawancin Musulmin Indiya Hanafawa ne, kuma a wancan lokacin macen da miji ya gudu ya bari ko yake cutarwa kusan ba ta da hanyar fita ta kotu, har wasu matan suka riƙa yin ridda don auren ya warware. Sai malamansu irin su Ashraf Ali Thanwi suka ce a ari hukuncin Malikiyya, wato mazhabarmu ta nan. Shi ya sa in kin buɗe dokar za ki ga miji ya ɓace shekara 4, ko ya kasa ciyarwa shekara 2, ko an ɗaure shi shekara 7, mace na iya neman alƙali ya raba. Duk wanda ya taɓa zama kotun shari'a a Arewa zai ji abin ba baƙo ba ne. In kika rubuta wannan a jarabawa wallahi sai malamin ya gyara zama.

Daga nan sai shari'ar Shah Bano a 1985, dattijuwa ce daga Indore da mijinta, lauya ne ma, ya saka bayan sun tsufa tare, Kotun Ƙoli ta ce ya ci gaba da ba ta kuɗin ciyarwa, aka yi ca, gwamnatin Rajiv Gandhi ta yi doka a 1986 don rage kaifin hukuncin. Sai 2017 kotun ta soke saki uku a lafazi ɗaya, 2019 majalisa ta mayar da shi laifi. Duk wannan yana rataye ne a sashe na 44 na tsarin mulkinsu da ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin samar da dokar iyali ɗaya ga kowa. Ni a nawa ganin soke sakin daban, ɗaure mijin daban, wanda ke gidan yari da me zai ciyar? Amma wannan ra'ayina ne, ke ki kawo hujjar ɓangarorin biyu.

Malama Rikkos:

Barista sannu da ƙoƙari, amma ka sa yarinya za ta ɗauka Indiya a 1772 ta fara. Ni adabi nake koyarwa, kuma ina ce miki 'yata duk abin da ya lissafa yana cikin labaransu tun kafin Bature ya san hanyar teku.

Ramayana labarin kishi ne in kin cire ado. Sarki Dasharatha na da mata uku, zai naɗa babban ɗansa Rama, sai Kaikeyi ta tuna masa alkawarin da ya taɓa yi mata, ta ce a ba ɗanta Bharata sarauta a kori Rama daji shekara 14. Uban bai so ba amma magana ta riga ta fita, baƙin ciki ya kashe shi. Abin da nake so ki lura shi Bharatan ƙin hawa ya yi, ya je daji ya karɓo takalman yayansa ya ɗora kan karaga yana riƙon ƙwarya. Mahabharata kuwa rigimar gado ce tsakanin 'ya'yan wa da ƙani, Pandawa su 5 da Kaurawa su 100, har aka kai ga caca aka saka mata a ciki, aka ƙare da yaƙin Kurukshetra. Baiti wajen dubu 100 ne, ba wanda zai ce ki karance, ki san ƙashin labarin kawai da tambayar da suke ta juyawa, mene ne wajibin mutum in haƙƙin dangi ya ci karo da gaskiya.

Sai wasan Shakuntala na Kalidasa, wannan ki karanta shi da kyau don shi kaɗai ya tara miki darussan nan duka. Sarki Dushyanta ya je farauta ya auri yarinya a daji ba waliyyi ba taro, ya ba ta zobe ya koma, ta zo fada da ciki zoben ya faɗa ruwa a hanya, shi kuma an yi masa baki ya manta ta, ya ce bai san ta ba. Barista ga shari'ar tabbatar da aure da nasaba nan. Ranar da za ta bar dajin kuma sai da ta yi sallama da itatuwan da take ba ruwa da 'yar barewar da ta raina, uban riƙonta yana roƙon itatuwan su sallame ta. Wanda ya fassara shi zuwa Turanci a 1789, William Jones, alƙali ne a Kalkata, kuma shi ya fassara Manusmriti, tsohon littafin dokokin Hindu, a 1794 don kotu ta samu abin yanke wa Hindu hukunci. Littafin nan ne Ambedkar, jagoran waɗanda ake cewa ba a taɓa su, ya ƙona a bainar jama'a a 1927 saboda yadda ya ƙasƙantar da mutanensa.

Mu ma adabinsu ya iso mu ta hannun Larabawa. Tatsuniyoyin dabbobi na Panchatantra ne suka bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mayar da su Kalila wa Dimna a ƙarni na 8. Suna kuma da tsohon littafi na aku mai ba da labari kowane dare don ya hana matar gida fita, wanda ya karanta Magana Jari Ce ai zai ji ƙamshin abin. Na zamani ki riƙe biyu sun isa, Tagore da ya ci Nobel a 1913, da Premchand mai Godan na 1936, labarin manomin da burinsa a duniya ya mallaki saniya bashi ya cinye shi.

Lauyan Wuse:

Na sallama Malama, a gafarce ni. Amma kin ga ke ma da alƙali kika ƙare.

Ɗan Bukuru:

Ni gandun daji na karanta bari in sa baki kaɗan. Ƙanwata ki fita ƙofar gida ki duba, dogonyaro da mangwaro duk asalinsu yankin Indiya ne. Daminarsu tana shigowa ta Kerala wajen farkon Yuni ta yi ta hawa arewa zuwa Satumba, kuma yawancin ruwan shekara a watannin nan yake sauka, shi ya sa in ta makara farashin abinci da siyasa duk sai sun girgiza.

Maganar daji kuwa maganar doka ce ita ma. Turawa na buƙatar katako don shimfiɗa layin dogo sai suka yi dokar daji ta 1878, suka killace dazuka, mutumin da kakanninsa ke kiwo da yin itace a wurin ya wayi gari ɓarawo. Mu 'yan Filato ba sai an yi mana dogon bayani ba, ga kududdufan kuza nan daga Bukuru har Barikin Ladi, an kwashe arziki an bar wa masu gona rami. A 1973 mutanen ƙauyukan tsaunin Himalaya, yawanci mata, suka tsaya a gaban itatuwa suka hana 'yan kwangila sarewa, shi ne Chipko, kuma a shekarar ce gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar da shirin kare damisarsu mai zane. Kafin su akwai 'yan Bishnoi na Rajasthan da aka kashe 363 a 1730 akan itatuwan da sarkin Jodhpur ya aiko a sare. In kina son haɗawa da sashen Barista, a 1976 aka saka kare muhalli cikin tsarin mulki, a 2017 kuma wata babbar kotun jiha ta ce kogin Ganga da Yamuna suna da haƙƙi irin na mutum, Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin. Kogin da suke bauta wa kuma shi suke zuba wa dattin masana'antu, wannan ma abin tattaunawa ne.

'Yar Angwan Rogo:

Kai Allah ya saka da alheri, Mama Malama da Barista da Yaya na Bukuru na gode sosai wlh. Na sake jera takardun, kowace doka na ajiye ta kusa da labarin da ya yi kama da ita. Saura abu ɗaya, maganar rabe-raben rukunin mutane nasu, su Brahmin da waɗanda ake cewa ba a taɓa su, a tarihi zan sa ta ko a iyali?

Lauyan Wuse:

Duka biyun, don ta aure ake gadonta, mutum a cikin rukuninsa yake aure shi ya sa ta daɗe. Ta fuskar doka ki riƙe Ambedkar, Dalit ne, wato daga cikin waɗanda ba a taɓawar, kuma shi ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin da ya fara aiki 26 ga Janairu 1950, sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum, aka kuma ware musu kaso a makarantu da aikin gwamnati da kujerun majalisa. A 1990 gwamnatin V.P. Singh ta ƙara kashi 27 cikin 100 na ayyukan gwamnatin tarayya ga sauran rukunan da aka bari a baya bisa rahoton Mandal, ɗalibai suka yi ta zanga-zanga. Za ki iya gwada shi da tsarin kota namu, sai dai namu jiha ake dubawa su kuma haihuwa. Ki ƙara da cewa shi Ambedkar ɗin ya ajiye muƙamin ministan shari'a a 1951 ne saboda an yi ta jan ƙafa akan dokar iyalin Hindu da ya kawo, wadda daga baya aka zartar gutsure-gutsure a 1955 da 1956.

Ɗan Taminus:

To duk kun gama dogon Turanci, a cikin abin da na lissafa wanne ne bai fito ba? Ƙanwata in sakamako ya fito a kawo mana tukwici Taminus, shayi da biredi ma ya isa.