Shawarwari a Zaure: Ƙirar Gwal da Daimon a Legas da Yadda Ake Yanke Kuɗinsu

Maman Amarya, Agege:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gwal a garin nan. Bikin 'yata yana tafe bayan babbar Sallah, kuma ina da tsofaffin awarwaro 'yan Saudiyya, karat 21, masu nauyin giram 40, waɗanda nake so a narka a ƙera mata sarƙa da 'yan kunne na yayi. Shi kuma ango ya ce a yi mata zobe mai daimon, ya bar mini zaɓin wurin da za a yi. Na zaga shagunan Yaba da na Balogun, amma kowa da kuɗin da yake faɗa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawan da na kasa gane abin da ake biya wa kuɗin.

Alhaji, dillalin gwal, Yaba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Abin da ya rikita ki shi ne ana faɗa miki kuɗi a dunƙule, alhali kuwa duk kayan gwal na ƙira kuɗi uku ne a cikinsa: kuɗin gwal ɗin kansa, ladan maƙeri, da kuɗin dutse idan akwai. Wanda ya ƙi rarraba miki su, ki yi masa sallama ki wuce shago na gaba.

Kuɗin gwal ba mu muke yanke shi ba. A kasuwar duniya ake yankewa, da dala, a kan oza guda, wato giram 31.1, kuma a Landan ana fitar da farashin sau biyu a kowace ranar aiki. Oza ta haura dala 2,000 a watan Agustan 2020, ta haura 3,000 a watan Maris na 2025, sannan ga faɗuwar naira tun da aka saki canji a watan Yunin 2023, shi ya sa kuɗin da aka faɗa miki makon jiya ba lalle ya yi aiki yau ba. Lissafin kuma ba shi da wuya. A ce oza tana dala 3,110, don dai misalin ya fita daidai. Giram na tsantsar gwal, wato karat 24, ya zama dala 100 ke nan, karat 22 ya kama dala 91.6, karat 21 dala 87.5, karat 18 kuwa dala 75. Waɗannan lambobin su ne za ki gani an buga a jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe: 916, 875, 750. Sai ki buga da canjin ranar, kuma duk abin da ya hau kan wannan, ladan aiki ne da ribar shago, a nan ne kaɗai ake yin ciniki.

Malam Maƙeri, Idi-Araba:
Alhaji ya yi bayani daidai, sai dai zan ja hankalin Hajiya a kan narkawar, domin a nan ne aka fi cin mutane ba tare da sun sani ba. Giram 40 na karat 21 yana ɗauke da giram 35 na tsantsar gwal, sauran biyar ɗin jan ƙarfe ne da azurfa. Idan maƙeri ya ce miki zanen da kika zaɓa sai da karat 18, wanda sau da yawa gaskiya ne, to giram 35 ɗin nan ya kamata ya ba da kusan giram 46 da rabi na karat 18, tunda za a ƙara masa wasu ƙarafan. Idan ya karɓi 40 ya dawo miki da 40 mai hatimin 750, sikeli zai nuna ba a taɓa komai ba, amma giram 5 na tsantsar gwal ya tafi.

Akwai asara ta gaskiya wadda ba sata ba ce. Tsohon kaya yana da datti da wurin liƙi, waɗanda wuta take cinyewa, sannan goge da zarto da wanki kowanne yana ɗauke ɗan abinsa. Saboda haka a yi maganar asarar tun kafin a hura wuta, a rubuta iyakarta, kuma ki tsaya a narka a gabanki. Ba ya ɗaukar lokaci. Za ki ga an zuba awarwaron a ɗan kasko, an barbaɗa borakis, wani farin gari mai tsame datti, an sa musu wuta har sun zama ruwa mai juyawa, an tsiyaye a mazubi, ya fito sanda. A auna sandar nan take, ki ɗauki hoton sikelin, a rubuta nauyin a takardar da ku duka za ku sa wa hannu.

Game da ladan aiki kuma, ki tambaya ko ƙirar hannu ce ko zubi. A ƙirar hannu, sandar nan muke murzawa a inji ta zama falle, ko mu riƙa jan ta ta cikin hudojin farantin ƙarfe, daga babba zuwa ƙarami, muna gasa ta a tsakani don kada ta tsage, har ta zama waya, sannan a naɗe, a yanka, a liƙe ƙawanya ɗaya bayan ɗaya. A zubi kuwa, ana yin siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da farar ƙasa, a ƙone kakin, a zuba narkakken gwal a gurbinsa, kuma da mazubi guda ana iya fitar da iri ɗaya masu yawa. Zubi ba aibu ba ne, amma bai kamata a karɓi ladan ƙirar hannu a kansa ba. Ki juya bayan kayan: aikin hannu yakan nuna ɗan bambanci tsakanin ƙawanya da ƙawanya, zubin da ba a yi da kyau ba kuwa yakan bar ƙananan ramuka a jiki.

Hajiya Babba, Obalende:
Ƙanwata, ni dai da za ki ji tawa, da ba ki narka awarwaron nan ba. Tsohon gwal ɗin Saudiyya yana da kauri da jan launin da mutanenmu suke so, kuma ranar da buƙata ta taso, a ko'ina aka kai shi, daga Yaba har Wuse har Kano, kuɗinsa a hannu yake. Ladan maƙeri kuwa ba ya dawowa. Ranar sayarwa sikeli kawai ake dubawa, babu mai tambayar wahalar da aka sha wajen zane. Ki ba yarinya awarwaron yadda suke, a wanke su, in ya so a yi mata ƙaramar sarƙa ta yayi daban.

Abu na biyu, ki kula da duwatsun ado. An taɓa sayar mini da sarƙa a wani shago a cikin Eko, cike da fararen duwatsu masu ƙyalli, aka ɗora ta a sikeli gaba ɗaya aka buga mini kuɗin gwal. Da na zo sayarwa, sai mai saye ya ɗauko ɗan tsinke ya riƙa ɓamɓare su ɗaya ɗaya yana tara mini a kan takarda, ya ce waɗannan nawa ne, shi gwal yake saye. Nauyin da ya rage ya ba ni mamaki, kuma na koma gida da gilashi a ƙulle a leda.

Malama, Mile 12:
Abin da Hajiya Babba ta faɗa yana da asali a shari'a. A Sahihu Muslim akwai hadisin Fadala ɗan Ubaidu, wanda ya sayi abin wuya a ranar Khaibar a kan dinari 12, a jikinsa akwai zinariya da duwatsu. Da ya rarrabe sai ya sami zinariyar da ta fi dinari 12, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sayar da irinsa har sai an rarrabe. Haka nan musayar tsohon gwal da sabo tare da ciko, wadda ta zama ruwan dare a shaguna, malamai sun yi gargaɗi a kanta, domin gwal da gwal sai daidai da daidai, hannu da hannu. Mafita ita ce a sayar da tsohon a karɓi kuɗin, sannan a sayi sabon. Amma ki ba maƙeri gwal ɗinki ya ƙera miki shi kansa, ki biya shi ladansa, wannan ijara ce, babu laifi.

Anti, Ikeja GRA:
Yaya, bari in ɗauki ɓangaren zoben. Daimon ba shi da farashin rana irin na gwal, kowane dutse da kuɗinsa, kuma abubuwa huɗu ake dubawa: nauyi, launi, tsabta da yanka. Karat na daimon ma'aunin nauyi ne, ba irin na gwal ba: karat ɗaya giram 0.2 ne, kuma kuɗin ba ya tafiya daidai da nauyi. Dutse guda mai karat ɗaya ya fi duwatsu goma masu 0.10 tsada nesa ba kusa ba, ko da yake nauyinsu ɗaya. Farashin yana kuma tsalle a kan 0.50 da 1.00, don haka mai 0.90 yakan yi sauƙi sosai alhali ido ba zai raba shi da mai karat ɗaya ba. Launi yana farawa daga D, wanda ba shi da launi ko kaɗan, ya gangara har Z. Idan a kan jan gwal za a ɗora shi, biyan kuɗin D ɓarna ce a ganina, domin gwal ɗin zai haska masa launinsa. H ko I ya wadatar. Inda ba na ragi shi ne yanka, saboda shi ne ke kawo walƙiya.

Ki nemi takardar shaidar GIA ko IGI, wato cibiyoyin da ke tantance daimon. Yawancin duwatsun da ke da ita an rubuta lambarsu da leza a gefensu, kuma ana ganinta da madubin da ke ƙara girman abu sau goma. Ki karanta lambar da idonki, ki shigar da ita a shafin intanet na cibiyar kafin ki biya. Kada ki dogara da ɗan injin nan mai kama da biro da yake ƙara idan an ɗora shi a kan dutse, domin mai auna zafi kaɗai yana yi wa moisanait, wani dutse mai kama da daimon, ƙara kamar yadda yake yi wa daimon. Sannan a tambaya ƙarara: na ƙasa ne ko wanda aka haɗa a ɗakin gwaji? Na ɗakin gwaji daimon ne na gaske, taurinsa da walƙiyarsa ɗaya, amma kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, kuma takardar tana faɗin ko wanne ne. Ni shi na fi ba da shawara ga mai son dutse babba da kuɗi kaɗan.

Alhaji, dillalin gwal, Yaba:
Anti, ban musa ilminki ba, amma ki faɗa wa Hajiya ƙarshen zancen. A teburinmu, idan aka kawo zobe mai daimon, gwal ɗin muke aunawa. Dutsen, ko na ƙasa ne mai takarda, masu sayensa kaɗan ne a Legas, kuma tayin da za su yi ba zai kusanci kuɗin da aka saye shi ba, balle na ɗakin gwaji. Idan ango kyauta yake so ya yi don ƙauna, madalla. Idan kuwa ajiya yake so ya yi wa matarsa, to ya rage girman dutsen ya ƙara mata giram.

Maman Amarya, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga shawarar Hajiya Babba, zan bar awarwaron. Saura tambaya biyu ga Malam: zoben, farin gwal ya fi ko ja, kuma ta yaya zan tabbatar karat ɗin da aka buga a jiki shi ne a ciki?

Malam Maƙeri, Idi-Araba:
Ranki ya daɗe, ko wanne kika zaɓa, ya kasance karat 18, domin 21 da 22 sun yi laushi, faratan da ke riƙe dutsen sukan buɗe a hankali har ya faɗi ba a sani ba. Ki ce a yi masa farata shida maimakon huɗu, kuma kada a ɗaga dutsen sama da yawa, tunda mai zoben za ta riƙa sa hannu a mayafi da leshi. Farin gwal ana shafa masa ruwan wani farin ƙarfe ne, rodiyom, wanda yake gogewa da amfani, sai an riƙa sabuntawa ana biya, kuma wani ana haɗa shi da nikel da ke sa wa wasu ƙaiƙayi. Ja ba shi da wannan hidimar. Ko wanne ne dai, a cire shi kafin a taɓa bilic.

Hatimi kuwa, kowa yana iya sayen ƙarfen bugawa, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Gwajinmu na gargajiya shi ne a goga kayan a baƙin dutse, a ɗiga asid na karat ɗin a kan layin da ya bari. Idan layin ya tsaya, ya kai, idan ya ɓace, bai kai ba. Wasu shagunan suna da injin da ke karanta karat, amma fata kawai yake gani, ruwan gwal mai kauri yana iya ruɗarsa, saboda haka a gwada wurare dabam dabam, har da maƙulli da wurin liƙi. Ki sa a auna zoben kafin a ɗora dutsen, a rubuta a rasit giram nawa, karat nawa, ladan aiki nawa, da lambar takardar dutsen. Idan kin karɓa, ki kai shi wani shago da ba su san juna da maƙerin ba, ki ce sayarwa kike so ki yi, ki ji karat ɗin da za su faɗa.