Baba ya jefa haƙoran robansa a kofi ya ce ba zai ƙara sawa ba, ya zan yi?

Ɗan Tudun Jukun:
Slm jama'a. Dan Allah wanda ya taɓa sa haƙoran roba na baki gaba ɗaya, sama da ƙasa, ya taimaka min da shawara. Babanmu ne, shekararsa 67, yana da ciwon suga tun da daɗewa, haƙoran suka riƙa girgiɗa suna fita ɗaya bayan ɗaya har bara aka cire guda 7 da suka rage. Likita ya ce a bari dasashi ya warke, muka jira wata 3 sannan aka fara awo, zuwa biyar muka yi kafin a ba mu. Ranar da aka sa masa wlh sai da na yi ƙwalla, kumatun da suka lotsa suka ciko, Mama sai tsokanarsa take wai ango ya dawo. To yau kwana 9, na sama ya zauna daram amma na ƙasa kaman kwalekwale, da ya buɗe baki sai ya taso, ya ji masa ciwo ta gefen hagu, ga miyau ba ya tsayawa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ke jan sallah a masallacin layinmu in liman ba ya nan, shekaranjiya da magariba ya ji harafin sin na fita da fito, yana dawowa ya cire ya jefa a kofi ya ce gara wawulonsa. Kuɗin nan karo-karo muka yi ni da ƙannena. Aikin ne bai yi kyau ba ko dama haka abin yake? Ƙanina ya ce mu samo sanfefa mu ɗan goge inda yake cizonsa.

Tsohon Hedimasta, Kofar Doka:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekarata 6 da nawa, kuma ni ma sai da na yi fushi da shi sati guda yana cikin durowa. Kwana 9 ai ko sabon takalmi bai gama cizon mutum ba. Miyau zai ragu da kansa, bakin ne yake ɗauka abinci aka sa masa. Maganar karatu kuwa ka ce wa Malam ya bar wa wani jan sallah na ɗan lokaci, bayan asuba ya zauna shi kaɗai a ɗaki ya karanta izu ɗaya da ƙarfi, inda harshe ya karye ya maimaita, ni haruffan sin da zayun da fa'un ne suka wahalar da ni amma kafin wata ya zagayo sun miƙe. Kafin ya fara magana ya ɗan cije ya haɗiye miyau, hakan na zaunar da na ƙasan.

Abinci ya fara da koko, kunun gyaɗa, fura da nono, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Loma ƙarama, kuma ya raba ta gefe biyu ya tauna dama da hagu lokaci guda, in ya tauna ta gefe ɗaya ɗayan gefen zai ɗaga. Kar ya gatsa abu da na gaba, ni na gwada da gasasshiyar masara a gaban surukina, ba zan faɗi ƙarshen labarin ba. Rake da kilishi da aya dai sai haƙuri, nama a koma dambu ko a dafa shi luguf. In yana cin goro a saya masa magogi. Shayi kuma ya riƙa taɓawa da leɓe tukuna, robar ta rufe saman baki, ba ka jin zafin sai ya kai maƙogwaro.

Mai Aikin Haƙori:
Yayana don girman Allah ku ajiye sanfefar nan. In kun goge gefen da ya kamata ya kama dasashi kun kashe shi kenan, sai dai a sake sabo. Ciwon da kake faɗa kusan kowa na samu, gyaran mintoci ne a asibiti kuma ana iya komawa sau biyu sau uku, yana cikin aikin. Amma ya daure ya sa shi na wasu awoyi kafin ku je, in ya yi kwanaki a kofi wurin zai lafa likita ya kasa ganin inda yake danna.

Na sama yana da faɗin saman baki da yake mannewa kaman yadda faranti mai jiƙa ke kama tebur. Na ƙasa kuwa ɗan siririn ƙashi kawai yake hawa, ga harshe na ture shi ta ciki kumatu ta waje, don haka ba zai taɓa zama kaman na sama ba, harshe da kumatu ne za su koyi riƙe shi. Kuma ƙashin muƙamuƙi yana ci gaba da zaizayewa bayan an cire haƙori, ya fi sauri a wata 6 na farko, shi ya sa nan gaba zai yi sako-sako a yi masa ciko ta ciki, bayan shekara 5 zuwa 10 a sake wani. Akwai man manna haƙori irin su Fixodent a manyan kemis, ɗigo kaɗan ake sawa, amma in sai an lafta da yawa yake zama to gyara yake nema. Masu hali ana dasa musu ƙarfe biyu a ƙashin ƙasa ya maƙale a kai, yana da tsada kuma sai suga ya daidaita.

Tunda mai suga ne a kula sosai, ya cire da daddare ya sa a ruwa, kwana da shi na jawo wani ja da farin ƙura-ƙura a dasashi. A wanke da buroshi mai laushi da sabulu, ba makilin ba, yana kankare robar. Ciwon da ya kai sati 2 bai warke ba a nuna wa likita, ko nan asibitin Shika ko inda aka yi muku.

Maman Biyu, Samaru:
Ni abu biyu zan ƙara don mun ga darasi a kan na kakarmu. Wata ƙanwata wai za ta kashe ƙwayoyin cuta ta zuba masa tafasasshen ruwa, ya lanƙwashe ya ƙi shiga baki sam. Aka sake wani, shi kuma ya suɓuce a bakin famfo ya tsage biyu, yaran gida suka liƙe da Super Glue, ya kama a karkace, da muka kai aka ce da mun kawo shi a tsagen da gyara ya yi sauƙi. Yanzu a kan roba cike da ruwa ake wanke shi, kuma kofinsa na saman kwaba saboda jikoki.

Ɗan Kongo:
Hhhh Baba Hedimasta wlh sai ka ƙarasa mana labarin masarar nan

Ɗan Tudun Jukun:
Na gode Baba, na gode Anti, Allah ya saka. Na karanta masa duka, na Hedimasta har sau biyu ya sa na maimaita. Jiya ya yarda ya sa tun safe muka koma, suka shafa wani farin abu a ciki suka ga inda ke danna, ko minti 15 ba a yi ba aka rage wajen. Da daddare ya ci tuwon masara rabin malmala, na ƙasan har yanzu yana ɗan rawa in ya yi dariya, sallah kuma ya ce sai ya ji sin ɗinsa ta dawo. An ce mu koma ranar Alhamis. Wai a ina zan samu magogin goro mai kyau, kasuwar Sabon Gari ko sai na shiga cikin birni?