Me za mu kira case sensitivity da Hausa?

'Yan uwa masu aikin rumbun bayanai, ina neman shawararku. Jiya ina koya wa wani ƙanena SQLite, wata manhajar rumbun bayanai, muka zuba sunayen garuruwa, ya nemi "ƙanƙara" da LIKE, umarnin neman rubutu, babu abin da ya fito, alhali Ƙanƙara tana ciki. Ya nemi "kano", Kano ta fito. Dalili shi ne SQLite haruffan A zuwa Z kaɗai take ɗaukar babbansu da ƙaraminsu a matsayin abu guda. Ƙ da ƙ, Ɗ da ɗ, Ɓ da ɓ, a wurinta ba su san juna ba. Na zo yi masa bayani sai na rasa kalmar Hausa ta case sensitivity, wato ɗaukar babban harafi da ƙaraminsa a matsayin abu biyu daban.

Tun firamare muna cewa babban baƙi da ƙaramin baƙi, don haka na fara da "bambanta baƙi". Wani malaminmu ya ce a'a, mai karatu zai zaci wariya ake nuna wa baƙin da suka zo gari. Gaskiyarsa. Na koma "tantance girman baƙi". Ya ɗan yi tsawo, amma ba ya ruɗarwa.

Kishiyarsa kuwa tuni Hausa ta tanada: kuɗin goro. LIKE na PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai ita ma, yana tantance girman baƙi, ILIKE kuma neman kuɗin goro yake yi, babba da ƙarami duk ɗaya.

Inda na fi damuwa shi ne special characters. Ana fassara shi da "haruffa na musamman", sai a jefa ƙ da ɗ a ciki, a goge musu lanƙwasa kafin a adana. Ban yarda ba. Ƙasa daban, kasa daban. Waɗannan haruffanmu ne kamar kowane harafi.

Abin da ke rikita nema alamomi ne da rumbun ke ɗauka umarni: % da _ a cikin LIKE, da ɗan waƙafin saman nan na 'yan da ma'aikata, wanda SQL, yaren da ake ba rumbun umarni da shi, ke fahimta a matsayin ƙarshen rubutu. Su nake son mu kira "alamomin umarni". Escape kuma, wato hana alama yin aikin umarni, mu ce masa "sa takunkumi": ka rubuta waƙafin sau biyu, ma''aikata, ka rufe masa baki ya zauna a matsayin rubutu kawai.

'Yan uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ maimakon 'y, ku me kuke cewa a can?