Don Allah a taimaka min da shawara kan waƙoƙin bikin makaranta

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Ina cikin kwamitin iyaye a sakandaren ɗiyata, an ɗora mana zaɓen waƙoƙin rawar Homecoming (bikin shekara-shekara na makarantun Amurka), wadda za a yi a watan Oktoba, washegarin wasan ƙwallon Amurka. Awa 3 ne a zauren motsa jiki, wato waƙa wajen 50.

Ga inda na maƙale. Shugabar makaranta ta ce ba ta son batsa. Mai sa kiɗan ya kawo waɗanda aka tace, na sa a kunne ina girki, sai na ji kalmar kawai aka toshe, ma'anar tana nan daram. Yaran kuma 'yan shekara 14 zuwa 18 ne. Da na soke waƙoƙin, ɗiyata ta ce, "Mama, wallahi kowa zama zai yi yana latsa waya."

Ga kuma ɗalibai masu jin Sifaniyanci da Somaliyanci sun kawo nasu, ni ba na jin ko ɗaya, kuma ba na so a bar su a baya.

Wanda ya taɓa yi, yaya kuka tantance waƙar harshen da ba ku ji? Waƙoƙi masu sanyi guda nawa kuka sa? Ranar Juma'a za mu miƙa jerin.